Jan Layi a Kan Sunan Zione

In kana neman Malama Esnart Malunga da safe, kada ka ɓata lokacinka a gidajen malamai. Tana kan hanya, kai a sunkuye, tana duban ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Baƙo zai ɗauka tsufa ne ya tanƙwara ta, amma mu da muka san ta mun san ganye take dubawa. A nan gefen tafkin Chilwa, in an yi rasuwa ɗanyen reshe ake karyowa a shimfiɗa a bakin hanya, mai keke ya sauka ya tura, mai hula ya cire. Kusan shekara hamsin ke nan Malama Esnart tana tafiya da ido a ƙasa, kullum gabanta na faɗuwa kada ta ga reshe a mararrabar gidan wani ɗan ajinta.

Ban da wannan, ni dai ban san abin da matar nan ke tsoro ba. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da aji biyu a firamaren garinmu, yara ɗari da goma sha biyu a ɗaki ɗaya, kaɗan a benci, sauran a ƙasa, daga ita sai alli sai muryarta. Ta taɓa kashe maciji da tsintsiyar aji ba tare da ta katse karatu ba. Rabin manyan garin ta hannunta suka bi, har shi Hedimasta Limbani Chikopa, wanda har gobe in ta ɗaga gira sai ya gyara tsayuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu suna can birnin Blantyre, ita kuwa tana nan a gidan makaranta mai ɗaki biyu, da 'yar gonar rogo a baya da wasu kaji marasa kunya.

Tsoron nata yana da asali. Tana shekara tara, ajinsu ɗaya da ƙanwarta Agness, benci ɗaya, kofin kunu ɗaya. Agness ta kwanta zazzaɓi, aka yi mako uku ba ta zuwa. Wata Talata aka ce mai duba makarantu na tafe, sai malaminsu, wani Malam Sabola mai son a ga rajistarsa fes, ya buɗe littafin ya ɗauko jan biro. Ya dubi layin gaba ya ce, "Ke, zo ki danne mini rula." Esnart ta zo ta danne, don ba a ce wa malami a'a. Sai da biron ya wuce ta gefen yatsunta sannan ta ga a kan sunan wa ya wuce. Ranar Juma'a aka shimfiɗa reshe a ƙofar gidansu.

Ba wanda ya taɓa ce mata laifinta ne. Ba kuma wanda ya ce mata ba laifinta ba ne, domin ba ta gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarta. Dama tsofaffin malaman wajenmu ba sa jan layi a kan sunan yaro mai rai. Wanda ya daina zuwa, ɗigon fensir ake sa masa a gefe, a bar shi har shekara ta ƙare. Jan layi na wanda aka binne ne. Sauran malamai suna yin haka ne don haka suka tarar ana yi. Ita Esnart da dukan ranta take yi. Jan biro ma ba ya shiga jakarta, da kore take gyara jarrabawa.

To, ana saura wata goma sha huɗu ta yi ritaya sai aka kawo allunan. Wata ƙungiya ce ta kawo su, guda talatin a akwatin ƙarfe, aka kafa sola a kan rufi don caji. Kwamfuta ce ta hannu, faɗinta bai wuce littafi ba, yara suka raɗa mata suna allo mai magana. Wadda ta zo koya wa malamai wata budurwa ce daga Zomba, Lusungu Mhango, mai takalmin gudu da saurin baki. Ta ɗauki hoton kowane yaro ta zuba a ciki. Aikin ba wuya: yaro ya sa abin ji a kunne, ya taɓa hotonsa, wata murya ta yi masa rabin awa na karatu da lissafi, in ya ci ta ƙara masa gaba. Duk abin da ya taɓa kuma yana isa ofishinsu a birni.

"Mama, ki taɓa mana, ba ya cizo," in ji Lusungu.

"Abin da ke magana ba shi da baki, 'yar nan, ai ba ki san ranar da zai fito da haƙora ba."

Malamai suka kwashe da dariya, ita kuwa ba wasa take ba. Alli ya busar mata da yatsu, har allon kan ƙi jin taɓinta. Sai ta bar yara suna yi rukuni-rukuni, ita tana zagayawa da hannu a baya, tana addu'ar kada wani ya tambaye ta komai.

Haƙoran sun fito a mako na shida. Akwai wani Yohane da iyayensa suka tashi suka koma Mozambik da shi. Wata safiya yara suka yi caa, "Malama, an kashe wa Yohane hoto!" Ta leƙa. Hoton ya dushe ya koma toka-toka, ga jan layi ya ratsa sunan daga farko har ƙarshe, miƙe sak kamar da rula aka ja shi. Ta sa hedimasta ya kira mata Lusungu a waya. Lusungu ta ce ai haka na'urar take, duk yaron da ya yi kwana goma na makaranta bai taɓa hotonsa ba, da kanta take fitar da shi, don a san masu zuwa da gaske.

"Wa ya ba ta izini?" in ji Esnart.

"Ba mai ba ta izini, Mama. Haka aka tsara ta."

A makon nan ne Zione ta kwanta. Yarinya ce 'yar shekara takwas, mai giɓi, marainiya, tana hannun kakarta a wani gida can bayan gonakin shinkafa. Ba ta cikin masu ƙoƙari, bakwai da biyar ma sai ta haɗa da yatsun ƙafa, amma ita ke fara waƙa kullum da safe, ranar da ba ta nan kuwa sai waƙar ta tashi a karkace. Ƙafafunta suka kumbura, ciki ya biyo baya, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita da ƙunshin magani aka ce sai a hankali.

Esnart ta sa mata ɗigon fensir a rajista, sannan ta shiga ƙirga kwana. Uku, biyar, takwas. Rana ta tara ko shayi ba ta sha ba. Da aka kaɗa ƙararrawar shan kunu yara suka ruga da kofunansu, sai ta ɗauki allo ɗaya ta shige ɗakin ajiya, ta turo ƙofa, ta zauna a kan buhun gari. Ta ture ɗankwali ta sa abin ji. Ta lalubo fuskar mai giɓin, ta taɓa.

"Sannu da zuwa, Zione," in ji muryar.

Sai da ta waiwaya ta dubi ƙofa, sannan ta amsa can ƙasa, "Yawwa."

Da farko nufinta ta riƙa taɓawa sau ɗaya a mako, amma tsoron kada ta ɓata ƙirga ya sa ta mai da shi kullum. Ta kuma ƙudura za ta riƙa yin kuskure irin na Zione don kada a gane, nan fa aka sami matsala. Ranar farko ta danna amsar banza da gangan, sai muryar ta ce mata cikin lallashi, "Saura kaɗan, sake gwadawa." Malama Esnart, wadda ta koya wa rabin gari ƙirga, wai ita za a ce ta sake gwada bakwai da biyar! Ta ja tsaki ta danna goma sha biyu. Allon ya yi mata tafi, ya ba ta tauraro. A faɗi gaskiya, taurarin nan sun yi mata daɗi.

Haka aka yi wata uku. Yatsan ya saba, ta cinye darussan aji biyu, ta ratsa na uku, ta doshi na huɗu. Ranar Asabar takan kai wa yarinyar ƙwai, ta tarar da ita kullum tana ƙara zubewa, ta dawo gida da ciwon kai. Amma duk sa'ad da ta fito daga ɗakin ajiyar sai ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta, kamar ta ƙara wa yarinyar kwana ɗaya. Ta san hankali ba zai ɗauki wannan ba, mace ce mai karatu, mai zuwa coci. Sanin dai bai taɓa kwance mata abin da ke matse ƙirjinta ba.

Wata Alhamis hedimasta ya faɗo ajin baki har kunne, yana kaɗa waya a sama.

"Malama, kin fitar da mu kunya! Makaranta arba'in, 'yar ajinki ce ta ɗaya. Ranar Talata mutanen ƙungiyar allunan za su zo da mai ɗaukar hoto su gan ta. Wace ce ma Zione a cikinku? Tashi mu gan ki!"

Ba wadda ta tashi. Can daga baya wata ta ce, "Ai Zione ba ta da lafiya tun kafin a yanke shinkafa."

Esnart ta ja hedimasta suka fita. A ofis ta faɗa masa komai, ban da zancen Agness. Chikopa ya zauna, ya tashi, ya sake zama.

"Kin kashe ni, Malama. Kin san abin da ake yi wa wanda ya cusa ƙarya a bayanan nan? Kora ce fa, ba ritaya ba. Shekara talatin da ɗaya a ƙare da takardar kora? Ni ma ba za su bar ni ba."

"Na sani."

"Kin sani! To me ya kai ki? Ke da ko taɓa abin ba kya so?"

Ya leƙa taga, ya rage murya.

"Saurara. Akwai 'yar nan Tadala, kanta na ja, ita ma giɓi gare ta. Mu ɗaura mata ɗankwali mu ce ita ce Zione. Awa ɗaya ne, su yi hotonsu su kama gabansu."

"Limbani." Rabonta da kiran sunansa tsirara tun yana sa gajeren wando. "Yarinya tana kwance tana numfashi, ka ce in tuɓe mata suna in sa wa wata? Gado za mu raba tun tana da rai?"

"To kawo dabara, tunda ke kika iya lissafin aji huɗu!"

Ba ta da dabara. Korar ta tsorata ta, ba ƙarya. Ta hango kanta tana kamun kaji a gidan makaranta za ta tashi, mutanen da ta doke wa hannu saboda ƙarya suna tsaye suna kallo. Amma abin da ya fi cin ranta shi ne ta san da zarar gaskiya ta fito za a ja layin, kuma ranar Talata ce. A coci ranar Lahadi bakinta na bin waƙa, sai ta lura yatsunta sun danne gefen benci har sun yi fari.

Ranar Talata da hantsi farar mota ta tsaya a ƙarƙashin mangwaro. Lusungu ta fito da kwalin littattafai na kyauta, mai ɗaukar hoto na biye. Hedimasta ya buɗe baki zai fara jawabi, bai ma san abin da zai faɗa ba, sai Esnart ta sha gabansa.

"'Yar nan, bar mai hoton a nan. Ɗauko allo ɗaya ki biyo ni, in kai ki wurin Zione."

A kan kunyar gonakin shinkafa ta gaya mata, tana gaba ba ta waiwayo ba. Lusungu ta tsaya cak.

"Ke, Mama? Wata uku? Makaranta arba'in na zagaya ina cewa su yi koyi da ajinki! Rahoton ya riga ya tafi, da sa hannuna a kai. Me ya sa, don Allah?"

"Don kada abin naku ya ja mata layi."

"Layi ne fa kawai! Zane ne a jikin gilashi!"

"Na sani," in ji Esnart, ta ci gaba da tafiya.

Suka tarar da kakar yarinyar tana shanya ƙananan kifi a kan buhu. Zione na zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Kumburin ya sauka, ya bar ƙashi da idanu. Tana hango abin da ke hannun Lusungu fuskarta ta washe.

"Malama, allo kika kawo mini!"

Ta karɓa da hannu biyu, ta nemo hotonta na lokacin da take da kumatu, ta taɓa. Muryar ta yi mata sannu da zuwa, sannan ta ce ta raba tamanin da huɗu gida bakwai. Zione ta ƙura ido. Ta ƙirga yatsun hannu, ta jawo na ƙafa, suka ƙare. Ta danna wani abu. Muryar ta ce ta sake gwadawa. Ta sake, ta kuma sakewa.

"Malama, ciwon nan ya cinye mini kai. Da ina ɗan iyawa fa. Yanzu ban gane komai ba."

Duk tsoron da Esnart ta sha a wata ukun nan bai soke ta kamar wannan maganar ba. Ta durƙusa a bakin tabarmar, ita da ba ta taɓa durƙusa wa ɗan aji ba.

"Kanki lafiya lau, 'yata. Ni ce. Ni na riƙa shiga da sunanki ina yin karatun, har na kai ki inda ba ki je ba."

Kaka ta ajiye kifin ta riƙe haɓa. "Wai ke kike yi mata karatun, Malama? Yo da maganin kika riƙa sha mata, ai shi ne mai ɗacin."

Ba wanda ya yi dariya sai Zione. Lusungu ta karɓi allon ta daddanna, fushin ya ragu a muryarta.

"Ba a mai da shi baya, Mama. In ana so ta koma inda ta tsaya, sai an rufe wannan a buɗe mata sabo. In an rufe kuwa layin zai fito, ba ni da wata hanya. Kuma rufewa da hannu, malamar aji ce ke dannawa."

Nan Esnart ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ba ta ja shi da tsawo ba: akwai ƙanwa, akwai rula, akwai Talata, akwai Juma'a. Kaka ta sunkuyar da kai. Lusungu ta ce, "To mu fara buɗe sabon tukuna. Kada a yi ko minti ɗaya sunanta ba ya ciki."

Zione ta ce sai an shafa mata ruwa a fuska. Aka shafa, ta washe baki, sabon haƙori ya fara toshe giɓin, aka ɗauka. Sai ga Zione biyu a jere a allon, mai kumatu da ramammiya. Lusungu ta miƙa wa Esnart, ta nuna mata inda za ta danna. Esnart ta ɗaga yatsa, yatsan ya ƙi sauka. Ƙamshin kifin ma ya koma mata warin alli da tsohon littafi.

"Malama, yi sauri mana, ina so in yi nawa," in ji Zione.

Ta danna. Jan layin ya taho ta gefen yatsanta ya ratsa sunan har ƙarshe. Zione ta fizge allon, ta taɓa sabon hoton, aka tambaye ta bakwai da biyar. Ta haɗa da yatsun ƙafa, ta ci, ta sami tauraro, ta yi ihu har kaji suka watse.

Abin da ya biyo baya a ofis ba shi da tsawo. Lusungu ta rubuta gaskiya, ta kuma rubuta dalili. Aka cire makarantarmu daga rahoton, aka karɓe makullin akwatin allunan daga hannun Esnart aka ba wani malami, aka ce takardar gargaɗi na tafe amma ba kora. Hedimasta ya yi kwana biyu yana gaishe ta a ciki-ciki. Ita duk wannan bai shiga kunnenta ba, Juma'a take jira. Laraba ta je mararrabar gidan su Zione ta duba, ba komai. Alhamis ta je, ba komai, amma hakan bai sanyaya mata rai ba, don Agness ma ranar Alhamis har kunu ta sha.

Ranar Juma'a gari na wayewa ta fita, ko kaji ba ta buɗe ba. Tana tafe tana tsayawa, duk koren abin da ta hango sai ta ɗauka reshe ne. Da ta iso mararrabar ta rufe ido, ta daɗe a haka kafin ta buɗe. Ga sawun keke, ga kashin akuya, ga ƙasa jajir. Ta duba hagu, ta duba dama, ta sake dubawa, babu reshe. Can bayan shinkafa hayaƙin girki na tashi daga gidan Kaka, wata siririyar murya kuma na jan waƙar safe ta makaranta, tana tsayawa tana hutawa.

Ta zauna daɓas a tsakiyar hanya, matar da ta kashe maciji da tsintsiya, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka mai sauti. Masu keke da ke zuwa tafki suka sauka suna turawa, suna waige-waigen inda aka sa reshe ba su gani ba. Ɗaya daga cikinsu, wani mai sayar da kifi da ya taɓa zama a ajinta, ya matso ya rusuna.

"Malama, wa ya rasu?"

"Ƙanwata."

"Ayya, Allah sarki. Yaushe?"

"Ta daɗe," in ji Esnart.

Mutumin bai gane ba, amma ya cire hularsa ya tsaya a gefenta har ta gama.